Gizo Ya Ƙetare Teku, Yaran Gida Suna Zaune Ba Labari

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan magana gaskiya ce, amma akwai abu guda wanda yaro yake gani sarai, alhali babba ya daɗe da rufe ido a kansa, watau duniyar nan ta al'ajabi inda dabba take buɗe baki ta yi magana, dutse ya tsage a shiga cikinsa, marainiya ta tafi ƙasar dodanni ta komo da dukiya. Babu wata al'umma a bayan ƙasa wadda ba ta shayar da 'ya'yanta irin waɗannan labarai tare da nono, domin a cikinsu ne yaro yake fara sanin bambancin jarumi da matsoraci, da mai amana da maci amana, tun bai san sunayen waɗannan halaye ba.

Dalilin tayar da wannan magana a wannan mako shi ne wani babban sauyi da ya auku a kasuwar littattafan yara ta Amurka da Ingila, wanda 'yan asalin Nijeriya suke cikin waɗanda suka ja ragamarsa, amma har yanzu ƙurarsa ba ta iso hannun yaron da yake karatu da Hausa ba. Ya kamata iyaye da malamai da marubuta su san abin da ya faru can, su kuma auna shi da abin da yake gida.

Su masu buga littattafai na can sun kasa masu karatu ƙanana kashi biyu. Akwai yara 'yan shekara 8 zuwa 12, waɗanda sun iya karatu da kansu amma ba su balaga ba; akwai kuma matasa 'yan shekara 13 zuwa 18. Kowane kashi da irin littafin da ake rubuta masa, da tsawonsa, da nauyin kalmominsa, da iyakar abin da za a ambata a ciki na tashin hankali ko soyayya. A duk kashin biyu kuwa labarin al'ajabi yana cikin waɗanda suka fi ciniki. J. R. R. Tolkien ya fitar da The Hobbit a 1937, C. S. Lewis ya fara jerin labaran ƙasar Narnia a 1950, sannan a 1997 J. K. Rowling ta fito da Harry Potter, wanda aka juya zuwa harsuna fiye da 80. Duk waɗannan littattafai ne masu daɗi, sai dai jarumansu da dodanninsu da dazuzzukansu duk daga rumbun tatsuniyoyin Turai aka ɗebo su.

An Daɗe Ana Kuka

Kukan rashin ganin baƙar fata a littattafan yaran Amurka tsohon kuka ne. A 1965 wata malama mai suna Nancy Larrick ta bi littattafan yara 5,206 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 ne kaɗai aka sa ko da baƙar fata guda a ciki. A 1990 wata shehiyar malama, Rudine Sims Bishop, ta kawo misalin da har gobe ake maimaitawa. Ta kwatanta littafi da madubi, ta kuma kwatanta shi da taga: yaro yana bukatar littafin da zai duba ya ga kansa da gidansu, yana kuma bukatar wanda zai leƙa ya ga yadda wasu suke zaune. Wanda aka ba taga kaɗai zai tashi yana zaton shi ba abin rubutawa ba ne; wanda aka ba madubi kaɗai zai tashi yana zaton duniya daga ƙofar gidansu ta fara, a nan kuma ta ƙare.

Shekaru suka yi ta wucewa abin bai sake ba. A 2014 marubucin nan Walter Dean Myers ya bayyana a jaridar New York Times cewa cikin littattafan yara 3,200 da wata cibiya ta Jami'ar Wisconsin ta ƙidaya na shekarar 2013, guda 93 ne kawai suke magana a kan baƙar fata. A wannan shekara ce kuma wasu marubuta suka kafa ƙungiyar We Need Diverse Books, watau masu neman a yawaita littattafai na jinsi dabam-dabam. Ƙidayar da cibiyar ta yi ta littattafan 2018 ta ƙara fito da abin fili: kashi 50 cikin ɗari jarumansu farar fata ne, kashi 27 dabbobi ne da motoci da makamantansu, kashi 10 ne kacal na baƙar fata. Watau dai zomo da beyar sun fi ɗan Afirka samun wuri a shafin littafi nesa ba kusa ba.

Kuka ya yi amfani, domin 'yan kasuwa sun gane akwai masu saye. Rick Riordan, wanda ya yi suna tun 2005 da labaran Percy Jackson da ya gina a kan almarar Girkawa, ya buɗe wani reshe na ɗab'i a ƙarƙashin kamfanin Disney a 2018, don marubutan wasu al'ummu su ba da nasu labaran da bakinsu. Littafin farko shi ne Aru Shah and the End of Time na Roshani Chokshi, labarin wata yarinya 'yar shekara 12 da aka ɗora a kan tsohuwar hikayar Indiya ta Mahabharata. A 2019 Kwame Mbalia ya biyo da Tristan Strong Punches a Hole in the Sky, labarin wani yaro ɗan Chicago wanda aka tura gonar kakanninsa a Alabama bayan mutuwar abokinsa, ya faɗa wata duniya inda ya yi kiciɓis da Anansi. Shi Anansi kuwa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Gizo ne na mutanen Akan na ƙasar Gana, mai wayo, mai kwaɗayi, mai ha'inci, wanda bayin da aka kwasa suka tafi da shi a ƙirjinsu zuwa tsibiran Karibiyan da Amurka. Ga shi yau ya shiga littafi mai bango mai kauri, ana sayar da shi da dala.

Tun kafin wannan, a 2009, Grace Lin ta rubuta Where the Mountain Meets the Moon, labarin yarinya Minli 'yar talakawan Sin wadda ta bar gida neman Tsohon Wata don ta tambaye shi yadda arzikin iyayenta zai sake, ta yi abota da wani dodo wanda ba ya iya tashi sama. Musulmi ma sun sami rabonsu. Kamfanin Simon & Schuster ya buɗe reshe mai suna Salaam Reads a 2016 don littattafan da jarumansu Musulmi ne, kuma a 2017 reshen ya fitar da The Gauntlet na Karuna Riazi, inda wata yarinya mai lulluɓi, Farah, 'yar asalin Bangaladash, ta shiga cikin wani sihirtaccen wasa mai kama da dara don ta ceto ƙanenta.

Rabon Nijeriya

A wannan fage 'yan asalin Nijeriya sun yi rawar gani. Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka a 1974, iyayenta Ibo ne, ta fitar da Zahrah the Windseeker a 2005, littafin ya ci lambar Wole Soyinka a 2008. A 2011 ta fitar da Akata Witch, labarin Sunny, yarinya zabiya 'yar shekara 12 wadda aka haifa a Amurka aka komo da ita gida, tana shan gori a makaranta saboda launin jikinta da harshenta, har ta gano cewa abin da ake yi mata dariya a kansa shi ne tushen baiwarta. Marubuciyar ta yi amfani da Nsibidi, tsohon rubutun alamomi na kudu maso gabashin ƙasar nan. Da kamfanin Cassava Republic na Abuja ya zo buga littafin don masu karatu na gida, sai aka sake masa suna ya koma What Sunny Saw in the Flames, domin kalmar akata kalmar raini ce, kalmar maita kuma ba abin wasa ba ce a Nijeriya.

Akwai kuma littafinta The Shadow Speaker na 2007, wanda ya fi kusa da ƙasar Hausa, domin a Jamhuriyar Nijar aka kafa labarin, a shekarar 2070, jarumar kuwa yarinya ce Musulma mai suna Ejii wadda take jin maganar inuwa, ta ratsa hamada a kan raƙumi. A 2018 Tomi Adeyemi ta fito da Children of Blood and Bone, wanda ta gina a kan tsohon addinin Yarabawa, ya kuwa hau kan jerin littattafan matasa mafiya ciniki na New York Times tun makonsa na farko. Jordan Ifueko ta biyo da Raybearer a 2020. Efua Traoré ta fitar da Children of the Quicksands a 2021, labarin Simi 'yar Legas wadda aka kai ƙauye wurin kakar da ba ta taɓa gani ba. Daga maƙwabta kuma akwai Roseanne Brown haifaffiyar Kumasi, da Namina Forna haifaffiyar Saliyo, kowace da nata.

Lalle waɗannan mata sun cancanci yabo, kuma duk gidan da yake da yaro mai jin Turanci da halin saye, ya kyautu a nema masa wasu daga ciki. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: yawancin waɗannan littattafai don yaron Amurka da na Ingila aka rubuta su. Da harshensu aka yi su, da kuɗinsu aka yi musu farashi, editocin can ne suka yanke abin da zai shiga da abin da za a cire. Mai karanta littafin Adeyemi zai ci karo da garuruwa masu suna Sakkwato da Gombe da Jimeta, amma in ya shiga cikinsu ba zai tarar da Basakkwace ko Bafulatanin Gombe ba. Suna kawai aka ara, an bar masu sunan a waje. Ba laifi ba ne ga marubuciya ta ƙago ƙasarta yadda take so. Abin lura kawai shi ne, madubin da aka ƙera wa ɗan Nijeriya mazaunin Chicago, in ya iso hannun yarinyar Funtuwa ko ta Maraɗi, ya zama taga. Madubinta kuwa ba wanda zai ƙera mata shi sai mai jin harshenta.

Gida Bai Rasa Tushe Ba

Abin da zai ƙara wa mai tunani takaici shi ne, Hausa ba ta makara a wannan fage ba, da wuri ta fito. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku waɗanda malamai suka rubuta masa da ajami. A 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari, aka sami littattafan nan biyar da kowa ya sani, biyu daga cikinsu kuwa labaran al'ajabi ne tsantsa. A Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana ɗan shekara 22, Alhaji Imam ya bar gari neman wani ruwa na magani, yana tafe suna yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe, har ya kai ga aljannu suka taimake shi. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasashen aljannu.

A 1937, shekarar da Tolkien ya fitar da nasa a Ingila, a shekarar ce juzu'in farko na Magana Jari Ce ya fito, inda wani aku ya tsare ɗan sarki da labarai har makircin waziri ya wargaje. Imam bai ji kunyar aro ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya, ya ɗebo daga labaran Indiya da na Jamus, ya sa musu riga da rawani, ya ba su sunayen gida da karin maganar gida, har yaro ya karanta ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Haka Ahmadu Ingawa ya yi a Iliya Ɗan Maiƙarfi na 1951: asalin Iliya gwarzo ne na almarar Rasha, Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa shi ne Kiev, amma tsararraki sun tashi suna ɗaukar Iliya ɗan gida ne. A 1969 Umaru Dembo ya ɗaga kai sama ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi cikin taurari, a shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Yarabawa ma suna da D. O. Fagunwa, wanda ya fitar da labarin maharbinsa na dajin aljannu a 1938. Ashe kuwa abin da Amurka take murnar ganowa a 2018, ƙasar nan ta yi shi tun zamanin kakanni.

To, ina aka kwana? Hukumomin da suka ɗauki nauyin wannan aiki, daga Hukumar Talifi zuwa Kamfanin Gaskiya na 1945, zuwa NORLA, zuwa kamfanin NNPC na Zariya wanda aka kafa a 1966, makarantu ne babbar kasuwarsu. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, gwamnatoci suka rage sayen littattafai, sai ɗab'i ya yi sanyi. Matasa suka ɗauki alƙalami suka buga nasu da kuɗin aljihunsu, aka sami adabin nan da ake kira na kasuwar Kano, wanda ya koya wa dubban mata karatu a cikin ɗakunansu, kuma babu mai musun wannan alheri. Sai dai soyayya da zaman aure da kishi su ne ginshiƙinsa, domin su ne masu ciniki. Akwai marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini waɗanda suka riƙe tutar labaran al'ajabi da na yaƙi, samari kuwa suna rububinsu, amma su ma ba don ɗan shekara 10 aka auna su ba. Yanzu rubutu ya koma cikin wayar hannu, mafi yawansa kuwa na manya ne.

Saboda haka yaron da ya gama koyon baƙi da wasali da Hausa yana tsaye ne a bakin rami. A bayansa akwai littafin aji, a gabansa akwai littafin yayarsa wanda bai kamata ya buɗe ba, a tsakani kuwa ba gada, in ban da tsofaffin littattafan nan da kakansa ya karanta. Tsohuwar da take tara jikoki da dare ta ce ga ta nan ga ta nanku, ita ma talabijin da waya sun ƙwace mata fada. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin a waɗannan shekaru ne ake kamuwa da son karatu ko a rabu da shi har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai taɓa ɓoye littafi a ƙarƙashin tabarma don ƙaguwar ya ji ƙarshen labari ba, da wuya ya girma ya ɗauki littafi in ba jarrabawa ce ta tilasta shi ba.

Tsoron Iyaye

Akwai iyaye da malamai masu cewa labarin aljannu da bokaye ɓata tarbiyya ne, yana iya sa yaro sha'awar tsafi. Bai kamata a yi wa wannan tsoro dariya ba, domin sihiri haramun ne a Musulunci, Kiristoci ma suna ƙyamarsa, kuma wasu daga cikin littattafan da aka ambata a sama an gina su ne kacokan a kan gumakan wasu al'ummu. Haƙƙin uba ne ya san abin da ɗansa yake karantawa, ba kowane littafi ne ya dace da kowane gida ba. Amma a tuna su wane ne suka kafa wannan fage a Hausa. Imam da Bello Kagara 'ya'yan malami ne, a gidan ilmi suka tashi, shi Bello har ya zama Walin Katsina, kuma ba a ji sun fitar da kowa daga addini ba. Yaro ya san Gizo ba ya magana, kamar yadda ya san kara ba doki ba ne alhali yana sukuwa a kansa. Abin dubawa a labari shi ne inda ya dosa: wa ya ci riba a ƙarshe, mai haƙuri ko mai zalunci? Tatsuniyar da ta nuna wa yaro dodo, ita ce kuma take nuna masa cewa ana kayar da dodo. Maganin mugun littafi shi ne a rubuta nagari a ajiye kusa da shi, a kuma zauna a karanta tare da yaro.

Wa Aka Bari A Waje?

Darasin da ya fi dacewa a ɗauka daga gwagwarmayar Amurka shi ne tambayar da suka yi wa kansu: wane yaro ne ba ya ganin kansa a littafi? In aka yi wa tsofaffin littattafan Hausa wannan tambaya, amsa za ta fito nan take. Jarumansu kusan duk maza ne, yawanci kuma manya ko 'ya'yan sarauta. Abin mamaki, tatsuniyar baka ba haka take ba. A tatsuniyar Ruwan Bagaja ta ainihi, wadda ake yi wa yara da dare, yarinya ce 'yar bora aka tura wanki a wannan ruwa, ladabinta ya kai ta ga arziki, 'yar mowa kuma rashin kunya ya kai ta ga wahala. Da labari ya shiga littafi sai tafiyar ta koma ta namiji. Lokaci ya yi da za a mayar wa yarinya tafiyarta.

Har wa yau, masu karatu da Hausa ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗan Fulani mai kiwo, akwai Babarbare da Banufe, akwai Kirista ɗan Jos ko Kafanchan wanda da Hausa yake waƙa a coci, akwai ɗan Sabo ta Ibadan da ɗan Agege, da ɗan zangon Kumasi, da ɗan Mai Wurno a Sudan. Akwai almajiri, da makaho, da kurma, da zabiya, da yaron da rikici ya kore su daga ƙauyensu yana zaune a sansani. Kowannensu ya isa ya zama jarumin labari, wanda zai ceci gari da wayonsa, maimakon a riƙa sa shi a gefe don a ji tausayinsa. Iliya ma a gurgunce ya fara rayuwa, bai hana shi zama gwarzon da ake labari ba.

Kayan aiki kuwa jibge suke. Ga rijiyar Kusugu da macijinta da Sarauniya Daurama. Ga Barbushe da Tsumburbura a kan dutsen Dala. Ga Amina ta Zazzau da ganuwoyinta, ga Kanta da birnin Surame, ga Sarauniyar Lugu wadda ta tari rundunar Faransa a 1899. Ga ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, ga raƙuman da suke ratsa hamada zuwa Bilma ɗaukar gishiri, ga maƙera masu wasa da wuta, ga sarkin ruwa na Argungu, ga 'yan tauri da mafarauta da kirarinsu. Marubucin da ya bar wannan rumbu ya tafi aron birnin Kisra ko fadar wani sarkin Turai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin Yi

Na farko, gasa. Tarihi ya nuna cewa gasa ce take tayar da adabin Hausa daga barci: ta 1933 ta haifi littattafan farko, ta kamfanin NNPC ta haifi So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata da Amadi Na Malam Amah waɗanda aka buga a 1980, gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC kuma, tun 2016, ta fito da mata marubuta da dama. Babbar lambar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan littattafan yara sau ɗaya a shekara huɗu, amma duk waɗanda suka ci ta na Turanci ne. Ana bukatar gasa ta musamman ta labarin al'ajabi da Hausa don 'yan shekara 8 zuwa 12, da sharaɗin a buga waɗanda suka ci a raba wa makarantu. Attajiri guda ko gwamnatin jiha guda ta isa ta ɗauki nauyin wannan, kuɗinsa bai kai na bikin 'yar babban mutum ba.

Na biyu, fassara. A nemi izni bisa ƙa'ida a juya littattafai irin su The Shadow Speaker da labarin Minli zuwa Hausa mai daɗi, irin juyin da Imam ya koyar, domin taga ma tana da nata amfanin. A kuma juya na gida zuwa Turanci da Faransanci don a san da su.

Na uku, a gyara sana'ar kanta. Littafin yaro yana son edita mai tsanani kan ƙa'idar rubutu, yana son mai zane wanda ya san yadda zaure da rumbu suke, yana son a rubuta a bangonsa shekarun waɗanda aka yi shi dominsu, don uba ya saya da kwanciyar hankali. Gidajen rediyo, waɗanda suka daɗe suna karanta littattafan manya, su ware wa yara ko da rabin sa'a a mako. Shugabannin makarantu kuma su ajiye ko da akwati guda na littattafan hira a kowane aji, a riƙa ba yara aro.

Gizo dai ya nuna shi matafiyi ne, ya ƙetare teku a cikin jirgin bayi, ya komo duniya a cikin littafi. Saura na gida, wanda yake nan tare da Ƙoƙi yana jiran wanda zai ɗauko shi daga bakin tsofaffi kafin su tafi da shi kushewa. Allah ya ba marubuta basira, ya ba masu hali zuciyar taimako, ya raya yara bisa son karatu, amin.